Ina so in ɗauki hutun aiki in taka keke zuwa Argungu: yaushe ya fi dacewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Birnin Kebbi, shekarata 38. Bara na sayi keke mai giya a gwanjo, ina ɗan zaga gari da shi da yamma. Yanzu raina ya biya in ɗauki 'yan kwanaki a wurin aiki idan gari ya yi daɗi, in taka shi har Argungu in dawo. Ban san lokacin da ya fi dacewa ba, kuma ina jin nauyin in ce wa shugabana keke zan je hawa, har wani abokina ya ce kawai in ce ba ni da lafiya. Sannan ban sani ba ko jikina zai ɗauka. A taimaka mini da shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Aikina a asibiti gashi ne da koya wa marasa lafiya motsa jiki, kuma na daɗe ina taka keke a hanyoyin nan namu, shi ya sa tambayarka ta yi mini daɗi ƙwarai. Yawancin waɗanda ake turo mana sa'o'inka ne, da ciwon baya, da ciwon gwiwa, da hawan jini, da sukari, duk a jikin mutum ɗaya da ya wuni a kujera, ya tashi ya hau babur, ya je majalisa ya sake zama. Idan aka samu wanda ya ce da ƙarfin ƙafarsa zai je Argungu, ni kam goyon baya zan ba shi. Ka je. Sai dai ka je da hutu na halal, a makonnin da suka dace, a kuma sa'o'in da suka dace, domin a ƙasar Kabi daɗin gari ba ya daɗewa, a shekara ko a wuni.

Shawarar abokin nan naka, ka ajiye ta gefe. Ban da cewa ƙarya ce, ba ta ma ɓoyuwa. Hanyar Argungu cike take da waɗanda suka san ka, kafin ka wuce Ambursa wani daga ofishinku ya gan ka daga cikin mota. Idan kuma ka nemo takardar asibiti ta bogi, ka jawo wa wanda ya sa mata hannu masifa, kuma mu da ke aikin lafiya mun san yadda irin wannan alfarmar take ƙarewa. Dokokin aikin gwamnati sun sa barin aiki ba da izini ba cikin manyan laifuka, irin waɗanda kan iya kai mutum ga kora. Sannan, Allah ya kiyaye, idan wani abu ya same ka a hanya alhali fayil ɗinka ya nuna kana kwance a gida, da wane baki za ka yi bayani?

Abin ma bai kai ga haka ba, tunda hutun shekara haƙƙinka ne. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 18, ta ba ma'aikaci aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi bayan ya yi wata 12 a jere yana aiki, wannan shi ne mafi ƙaranci, wanda ko kamfani bai kamata ya gaza shi ba. A aikin gwamnatin tarayya kuwa, mai mataki na 07 zuwa sama yana da kwana 30, na 04 zuwa 06 kwana 21, na ƙasa da haka kwana 14, jihohi ma galibi a kan wannan tsarin suke tafiya. Jami'in mulki na ofishinku zai nuna maka naka. A takardar neman hutu adireshinka da lambar wayarka ake buƙata, da ranar tafiya da ranar dawowa. Yadda za ka ci hutunka, ko a gona, ko a gidan biki, ko a kan sirdin keke, wannan naka ne.

Inda mutane suke kuskure shi ne makara. Tun farkon shekara ake tsara jadawalin hutu, kuma kowa Disamba yake hari, ga shi masu aikin akanta da na kasafi ba sa samun sararin numfashi a ƙarshen shekara. Saboda haka ka rubuta tun cikin Satumba, ka faɗi wanda zai riƙe maka teburinka bayan kun yi magana da shi, ka shirya takardar miƙa aiki mai bayani, ka kuma gama abin da ke gabanka. Ofisoshi da yawa suna yarda a raba hutu kashi biyu, to ka nemi kwana biyar na aiki, Litinin zuwa Juma'a, sauran ka bar wa iyali da Sallah. Ɗan gajeren hutun uzuri kuwa kada ka taɓa shi, ka adana shi don rasuwa ko haihuwa ko jinya, domin ba su sallama idan za su zo.

Idan shugabanka ya tambaya, ka faɗa masa gaskiya kai tsaye: ranka ya daɗe, tafiya zan yi zuwa Argungu a keke don lafiyar jikina. Na san ana yi wa keke kallon abin hawan wanda bai samu ba, abin kuma yana damuna. Iyayenmu malaman makaranta da malaman gona da duba-gari a kan keken Rali suka zaga ƙauyukan ƙasar nan suna aikin hukuma, ana girmama su, da yawansu kuma sun tsufa da gwiwoyinsu garau. Wanda ya yi maka dariya yau, ka ba shi wata shida, shi zai zo yana tambayarka inda ka sayi naka.

To, sai batun lokaci, wanda shi ne zuciyar tambayarka.

Bazara ka cire ta gaba ɗaya. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yakan wuce digiri 40 da rana, a Afrilu ko daren ba ya hucewa sosai, ga kwalta tana mayar maka da zafin daga ƙasa. Ba na yarje wa kowa tafiyar sa'a huɗu a keke a wannan lokacin, komai ƙarfinsa. Damina kuma tana da ban sha'awa, musamman Agusta, gari lumshi, fadama kore shar, iska mai sanyi bayan ruwa. Don zagayen sa'a ɗaya da safe babu kamarta. Amma hutu abu ne da ake sa wa rana tun da wuri, hadari kuwa ba ya duba takardarka. Yakan taso daga gabas da guguwa cikin ɗan lokaci, ruwa ya zaizaye gefen titi, ramuka su ɓuya a ƙarƙashin ruwa, kuma ba mu manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta kuma yanke hanyoyi da gadoji a jihar nan. Oktoba ma tana yaudarar mutane. Ruwa ya ɗauke, sai a ɗauka sanyi ya zo, alhali akwai wani zafi mai gumi da ke dawowa a farkon kaka kafin iska ta juya.

Lokacin da nake ba ka shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. A waɗannan makonnin ƙasa ta bushe, safiya ta yi sanyi mai daɗi, iskar hunturu ta fara kaɗawa amma hazo bai yi kauri ba tukuna. An yi girbi, mutane suna gonaki da masussuka tun da safe, wato hanya ba ta zama shiru, ga rake da dankali da kankana a bakin titi. Daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu ana iya tafiya, har ma ya fi sanyi, sai dai a nan ne hazo yake sauka kwana biyu ko uku a jere, irin wanda ke hana jirgi sauka a Ambursa. Fabrairu kuwa rabinta na biyu zafi ya fara leƙowa, ga bikin kamun kifi da akan yi a Fabrairu ko Maris, lokacin da hanyar ke cika da motoci da ayarin manya, masauki kuma ya yi wuya. Ka kuma lura da azumi, wanda ke matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Na 2027 zai kama wajen mako na biyu na Fabrairu, a shekarun da ke biye kuma zai ƙara shigowa cikin hunturu. Doguwar tafiya a keke da azumi a baki ba na ba da shawararta.

Hazo ba abin rainawa ba ne. Ƙura ce mai laushi da ke tasowa daga Sahara, ƙananan ƙwayoyinta suna wuce hanci su kai har cikin huhu. Mai taka keke yana shaƙar iska ninki-ba-ninki a kan wanda ke zaune, kuma da baki yake shaƙa, babu tacewar hanci. Ga shi direba ba ya hango ka da wuri. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Akwai ƙarfen sabis ko hasumiyar masallaci da ka saba hangowa daga ƙofar gidanka, mai nisan kamar kilomita ɗaya. Idan ka fito da safe ka ga ta dushe ko ta ɓace, ranar ba ta tafiya ba ce. Dalilin da ya sa na ce ka nemi kwana biyar ke nan a kan tafiyar da ainihinta kwana biyu ce, don ka samu ranar da za ka iya ɗagawa ba tare da ka takura kanka ba.

Ko a cikin makonnin masu kyau, wunin ba duka ne naka ba. Kebbi tana can yammacin ƙasa, saboda haka a Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7, ta faɗi kafin shida da rabi na yamma. Da hantsi ya ɗaga kuma zafi yakan haura digiri 30 ko a tsakiyar hunturu. Abin da ke hannunka shi ne daga wayewar gari zuwa wajen ƙarfe 11. Ka yi sallar asuba, ka karya, da zarar gari ya yi hasken da direba zai iya ganinka, wajen bakwai saura kwata ko kafin haka kaɗan, ka kama hanya.

Akwai dalili na biyu na sammakon, wanda sababbin mahaya ba su cika sani ba, wato iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, Argungu kuma tana arewa maso gabas da Birnin Kebbi. Ke nan a tafiya gaba da gaba za ku yi da ita, a dawowa kuma ita za ta riƙa tura ka. Da asuba takan kwanta, sai rana ta ɗumama ƙasa, wajen ƙarfe tara ko goma, take tashi da ƙarfi. Turjiyar iska kuwa ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ninkawa take yi. Idan kana tafiyar kilomita 15 a sa'a, iska mai gudun kilomita 15 ta taho ta gabanka, abin da ke dannan ƙirjinka ya ninka sau huɗu a kan na ranar da babu iska. Za ka ji kamar kana hawan tudun da ba ya ƙarewa alhali hanyar a miƙe take. Duk kilomitar da ka ci kafin ƙarfe tara riba ce. Idan iskar ta tashi, kada ka yi kokawa da ita, ka sauko da giya zuwa mai laushi, ka ɗan sunkuya, ka yarda gudunka ya ragu. Idan ku biyu ne ko uku, ku jera ɗaya bayan ɗaya kuna karɓeɓeniyar gaba, na baya yana samun sauƙi sosai.

Tsakanin garuruwan biyu kilomita 50 ne da 'yan kai, ta Gwadangaji da Zauro da Ambursa. Mai matsakaicin ƙarfi yakan yi kilomita 15 a sa'a, wato sa'a uku da rabi a kan sirdi, ka ƙara tsaye-tsaye su zama huɗu ko huɗu da rabi. Kada ka ce a wannan karon za ka je ka dawo rana ɗaya. Ka kwana, in so samu ne ka wuni. Ka shiga gidan tarihi na Kanta, tsohon ginin da ya zauna a matsayin fada har 1942, ka ga kayan yaƙi da tambura da kayan su na Kabawa. Ka gangara kogin Matan Fada da la'asar lokacin da babu cunkoson biki, ka ci kifi. Wannan wunin hutu ne ga cinyoyinka kuma.

Motoci su ne haɗarin da ya fi kusa da kai. Lokacin kaka manyan motoci suna jigilar shanshera zuwa kamfanonin casar shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi, ga ƙananan motocin haya da ke gudu kamar ana korarsu. Ka bi hannun dama tare da motoci, ka sa riga mai haske, ka ɗaura jar fitila a baya ko da rana ce, ka sa hular kwano ta keke ka kuma ɗaure igiyarta. Abin sauraron waƙa kada ya shiga kunnenka, domin kunnen ne madubinka. Tirela idan ta wuce kusa iskarta takan fizgi mutum, sai ka riƙe kan keken da hannu biyu. In ka ga mota na tahowa ta gaba, ka kuma ji wata babba ta baya, za su haɗu daidai inda kake, ka rage gudu ka sauka gefe ka tsaya, kada ka jira a yi maka adalci. Amma ka sauka a hankali, domin bakin kwalta yakan yi gaɓa, ƙasansa kuma yashi ne da ke riƙe tayar gaba nan take. A cikin ƙauyuka ka sa ido a kan yara da awaki da shanyar amfanin gona a gefen titi, a waje kuma garken shanu da ke tsallakawa zuwa gonakin da aka girbe. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, ka ajiye ta a waya.

Maganar tsaro ba zan yi maka kara a kanta ba. Kada ka tafi kai kaɗai, ku zama biyu ko uku. Ku tsaya a kan babbar hanya, da rana, babu yanke ta daji komai kyan labarin da aka ba ku. Daren da za ku tashi ka leƙa tasha ka tambayi direbobin da suka biyo hanyar a ranar, sun fi kowa sanin halin da ake ciki. Ka riƙe katin shaidar aikinka saboda shingayen jami'an tsaro. A gida a san lokacin tashinka da lokacin da ake sa ran isarka, amma kada ka shelanta tafiyar a Facebook sai ka dawo. Tun ƙarshen 2024 ake fama da 'yan bindigar Lakurawa a wasu sassan Augie da Arewa, don haka daga Argungu kada sha'awa ta ja ka ka ƙara gaba. Ƙasar Zuru da duwatsunta ta fi ko'ina a jihar nan daɗin hawan keke, kuma yana yi mini ciwo in faɗi haka, amma da halin da Danko-Wasagu da Sakaba suke ciki ba zan tura ka can yanzu ba.

Ko jikinka zai ɗauka? Mai shekara 38 da ya riga ya saba zaga gari, in sha Allahu zai ɗauka, idan ya ba kansa mako takwas. Ka fara da zuwa asibiti a auna jininka da sukarinka, domin hawan jini ba ya sanarwa. Idan kana da asma, ko sikila, ko ciwon zuciya, ko ka taɓa jin ƙirji ya riƙe ka ko jiri ya ɗebe ka yayin aikin ƙarfi, sai likitanka ya amince tukuna. Mai shan maganin sukari kuma ya tambayi yadda zai daidaita shi, don motsa jiki mai tsawo yana faɗar da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, shirin naka ma a cikin wannan zai faɗa. Hawa uku a mako ya isa, biyu gajeru na kamar minti 40, ɗaya dogo ranar Asabar da safe. Dogon ka fara shi da kilomita 15, kana ƙara kamar 5 kowane mako. Zuwa Kalgo da dawowa ya kusa 30, wannan ma'auni ne mai kyau a tsakiyar shirin. Ranar da ka yi 40 zuwa 45 ka sauka ba ka galabaita ba, Argungu ta samu. Makon ƙarshe ka rage sosai. Gudun da ya dace shi ne wanda za ka iya yi kana hira da na kusa da kai, in magana ta fara yankewa ka wuce gona da iri.

Abin da zai fara gajiya ba ƙafa ba ce, mazaunai ne da wuya da tafin hannu, kuma hawan Asabar ɗin nan ne ke sabar da su. Gwiwa kuwa yawanci sirdi ne ke ɓata ta. Mutanenmu suna son sirdi ƙasa-ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune, sai gwiwa ta wuni a lanƙwashe tana ɗaukar nauyi, bayan kwana biyu mutum ya zo mana yana nuna gaban ƙoƙon gwiwarsa. Ga yadda za ka auna. Ka jingina da bango, ka hau, ka ɗora diddigenka a kan feda, ka juya ta zuwa can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da tudun ƙafarka kan fedar, za ka ga gwiwar ta ɗan lanƙwasa kaɗan, to nan ne daidai. Sai kuma giya. Ka zaɓi mai laushi ƙafa tana juyawa da sauri, maimakon mai nauyi kana dannawa da ƙyar. Ka riƙa sauya wurin riƙo, kana miƙewa a kan feda na ɗan lokaci duk bayan minti goma sha biyar don jini ya zaga. Wando ya zama marar kaurin ɗinki a tsakiya, ka shafa basilin inda cinya ke guga, ka kuma cusa ƙafar wandon dama cikin safa saboda sarƙa.

Ruwa shi ne inda hunturu ke cutar mutane. Iskar a bushe take, gumi na fitowa tana shanye shi, sai ka ga rigarka ba ta jiƙe ba ka ɗauka ba ka rasa komai ba, sai dai farin gishiri da za ka gani a wuyan rigar daga baya. Ka sha rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace sa'a, wato ledar ruwa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kurɓi-kurɓi, ba tare da jiran ƙishi ba. Gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari, ko ka sayi na ƙulli a kemis, ko ka haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari shi ne alƙali, idan ya yi ja ya kuma ƙaranta, kana baya. Karin kumallo ya zama marar nauyi, koko da ƙosai kaɗan ko shayi da burodi. A hanya kuma duk bayan minti 45 ka jefa dabino uku ko huɗu, ko ayaba ɗaya, tun kafin yunwa ta zo, domin idan ƙarfi ya yanke a kan keke ƙafa rawa take yi, dawo da shi kuma sai an daɗe. Fura da nono a zango na tsakiya ta yi, in ka yarda da tsabtar ruwan.

Ina roƙonka da babbar murya, kada ka sha maganin ƙarfi. Tramadol da 'yan'uwansa suna rufe maka gargaɗin da jiki ke yi, suna kuma iya kawo farfaɗiya. Magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac, waɗanda wasu ke sha tun kafin su tashi don kada su ji gajiya, suna wahalar da ƙoda idan jiki ya rasa ruwa. Idan ka ji ciwon kai mai tsanani, ko jiri, ko tashin zuciya, ko tsigar jiki na tashi a cikin rana, ka tsaya a inuwa, ka jiƙa kanka da rigarka, ka sha ruwan gishirin. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi, ko ya ce ƙirjinsa ya riƙe, tafiya ta ƙare, a tare mota a kai shi asibiti ana zuba masa ruwa a jiki. Ko gajiya ce kawai ta ci ƙarfinka, ka ɗora keken a motar haya, babu abin kunya a ciki. Saboda haka ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu, kada ka dogara da tiransifa a ƙauye.

Sanyin safiya kuma riga biyu marasa nauyi sun fi ɗaya mai kauri, sai ka cire ta sama idan rana ta ɗaga. Ka sa safar hannu, da tabarau saboda ƙura da ƙwari, ka shafa man kaɗanya a leɓe da cikin hanci.

Shi keken, ka kai shi wurin mai gyara mako biyu kafin tafiya, ba ana gobe ba, don ka hau shi bayan gyaran ka ga abin da ya saura. A duba birki da wayoyinsa, a ɗaure sifoka, a sa wa boris giris, a canza duk tayar da gefenta ya tsattsage. Kekunan gwanjo suna da wata matsala da sai a hanya ake gane ta. Girman tayarsu ya bambanta, akwai 26, akwai 27.5, akwai 29, akwai 700, mai facin ƙauye kuwa ba lallai ka samu naka tif ɗin a wurinsa ba. Wasu kuma bawul ɗinsu siriri ne, bakin famfon mai facin ba ya kama shi. Ka karanta lambar da ke jikin tayarka, ka sayi tif biyu irinta, ka riƙe famfonka da ya dace da bawul ɗin, da faci da sholisho, da 'yan makullan da ke kwance ƙafar keken, ka kuma gwada cirewa da mayarwa a tsakar gidanka har hannunka ya saba.

Abin da ke fasa taya a hanyar nan galibi tsidau ne. Ɗan ƙanƙanen iri ne mai ƙahoni masu tsini, duk yadda ya faɗi ɗaya yana kallon sama, launinsa kuma ya saje da ƙasa. A gefen titi yake, daidai inda za ka gangara ka nufi inuwar bishiya, ga kuma ƙayar aduwa da ta bagaruwa a gindin bishiyoyin. Idan za ka huta, ka sauka tun a kan kwalta ka ɗauki keken a hannu. In kuwa taya ta sace, kafin ka sa sabon tif ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har ka taɓo ƙayar ka cire ta, in ba haka ba sabon ma ba zai yi kilomita ɗaya ba. Sarƙa kuma kada a yi mata wanka da baƙin mai, yana kama ƙura ya zama abin da ke cinye haƙoran giya. A goge ta da tsumma, a ɗiga mai marar kauri kaɗan, a sake gogewa. Kayanka su hau kariya, bayanka ya zauna babu komai.

Kwanakin biyar ga yadda zan so ka kasa su. Litinin ka huta ka haɗa kaya ka kwanta da wuri. Talata ka tafi, Laraba ka wuni a Argungu, Alhamis iska ta rako ka gida, Juma'a ka yi ta a masallacinku. Idan hazo ya sauka ranar Talata, sai komai ya matsa da kwana ɗaya, har yanzu kana cikin hutunka. Kada ka tsara ta yadda za ka iso daren Lahadi ka shiga ofis Litinin, domin tsamin jiki ya fi tsanani kwana ɗaya zuwa biyu bayan aikin, kuma ba na so ranar farko ta komawarka a gan ka kana ɗingishi a ce keken ne. Tsamin cinya yana wucewa da kansa, da ɗan tattaki da barci da abinci mai kyau. Amma gwiwa idan ta kumbura, ko yatsun hannu ko gaba suka yi sanyi ba ka jin su har bayan kwana biyu, wannan ka zo asibiti a duba ka, ka kuma taho da keken a ga yadda sirdin da kan suke zaune.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.